Yadda zaku tsara manufa da ka'idojin hidimar Kirista ga talakawa 'yan kwadagon gona

'Yan'uwa, in har Ubangiji ya dora muku nauyin 'yan kwadagon gona a zuciya, ina nufin mutanen nan da suke aiki a gonar da ba tasu ba, su yi shuka su yi noma su yi girbi sannan su tashi da ladan yini kawai, toh kafin ku tara baiko ko ku sayi wani kayan rabo ku fara zama ku amsa tambaya daya, me muka zo yi a wajen mutanen nan? Da yawa ana tsallake tambayar nan saboda zumudi, sai a fara da rabon kaya a dauki hotuna, kafin shekara ta zagayo kudi sun kare masu aikin sa kai sun gaji, su kuwa leburorin suna nan inda aka same su ana ci gaba da rike musu lada kamar yadda aka saba. Abin da zan dage a kai daga farko har karshe shine dan kwadago ba mabaraci bane, ma'aikaci ne, kuma yawancin abin da ya rasa hakkinsa ne da aka danne. In kun gane wannan tun farko tsarin hidimar gaba daya zai canza.

Ku fara da abin da aka riga aka rubuta

Ba sai kun kirkiro manufa daga kanku ba. A zamanku na farko ku bude Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ku karanta tare. Allah yace kada a zalunci ma'aikaci matalauci, ko dan'uwanka ne ko bako ne da yake zaune a kasarka, a biya shi ladansa a ranar kafin rana ta fadi, domin shi talaka ne kuma ransa yana kan kudin nan, in ba haka ba zai yi kuka ga Ubangiji abin ya zama zunubi a kanka. Littafin Firistoci 19:13 ma haka yace, kada ladan ma'aikaci ya kwana a hannunka, kuma ku lura a aya daya aka hada maganar da zalunci da kwace. Yakubu kuwa a 5:4 masu girbin gona ya ambata kai tsaye, yace ladan da aka danne musu yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Irmiya 22:13 da sarki sukutum yake magana, yace kaito ga wanda yake sa makwabcinsa aiki a banza ba ya biyansa.

Sai dokar kala a Firistoci 19:9-10, wadda gaskiya ina ganin duk mai wannan hidima ya kamata ya haddace ta. Ba a ce mai gona ya girbe komai tas sannan in ya ga dama ya dan tsakura daga rumbunsa ya bayar ba. Cewa aka yi gefen gonar nan da abin da ya zube kada ma ya taba, na talaka ne da bako, su zasu shiga da kafarsu su tara da hannunsu, babu wanda zai tsaya a layi yana mika hannu yana godiya sau goma. Ku karanta Rut sura 2 kuga yadda Bo'aza ya aikata dokar nan ga bakuwa 'yar Mowab wadda mijinta ya mutu. Ya gargadi samarinsa kada wanda ya taba ta, yace in ta ji kishi ta sha daga ruwan da ma'aikata suka debo, ya kira ta ta zauna ta ci abinci tare da masu girbi, sannan ya ce a rika zaro mata daga dammunan a bar mata kuma kada a tsawata mata. Tsaro, ruwan sha, cin abinci wuri daya, da rashin kunyatarwa. Har yau in kun je gona wadannan din ne dai zaku samu sun bace.

Daga nan sai ku rubuta manufarku, kuma don Allah ta zama gajeriya yadda wanda bai yi boko ba zai ji sau daya ya rike. Misali kuna iya cewa: "Saboda kaunar Yesu Almasihu muna tsayawa tare da 'yan kwadagon gona domin su karbi cikakken ladansu, su koma gida lafiya, a ga mutuncinsu, su kuma ji bishara ba tare da tilas ba." Ku sa taku kalmar, amma ku bar "tare da" din nan a ciki. Amfanin manufa shine ranar da wani mai kudi ya zo yace zai baku gudummawa mai tsoka amma sai dai ku yi abu kaza da shi, sai ku dauko ta ku auna, in abin bai shiga ciki ba ku gode masa ku bar shi.

Kunne kafin baki

Watannin farko kada ku kaddamar da komai, ku je ku saurara. Mai daki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Amma ziyarar ma tana da ladabi. Kada ku je tsakar aiki, domin da yawansu jinga suke yi, gwargwadon abin da mutum ya yi gwargwadon abin da zai samu, duk mintin da ya tsaya yana amsa muku tambaya daga aljihunsa kuke cira. Ku je da yamma inda suke kwana, ku biyu ko uku ba tawaga ba, a samu mace a cikinku domin akwai maganar da mata ba zasu taba fada wa namiji ba. Ku zauna inda suka zauna. Kada ku fito da biro da takarda a gaban dan kwangila ko mai kula da su, kuna tafiya wanda aka ga yana muku bayani shi za a fara sallama.

Tambayoyin da zasu bude muku ido ba masu wuya bane. Wa ya kawo ku nan, kuma kun biya shi wani abu? Yaya aka yi cinikin lada, da yini ne ko da yawan aiki, wa yake aunawa, kuna ganin ma'aunin da idonku? Yaushe aka biya ku na karshe? Ana cire kudin abinci ko na wurin kwana ko na mota daga ciki? Mata da maza lada daya ne a aiki daya? In mutum ya ji ciwo wa yake biyan magani? Wani ya rike muku katin shaida ko wata takarda? In amsar ta karshen nan e ce, ko kuma aka ce mutum ba zai iya tafiya ba sai ya biya bashin da kullum karuwa yake, toh wannan ya wuce talauci, alamun aikin tilas ne, kuma ba abin da zaku tunkara ku kadai bane, ku nemi lauya da hukumar da abin ya shafa cikin sirri.

Ka'idojin da ba a cinikinsu

Ta farko itace taimako ba shi da sharadi. Mu Kirista ne, ba ma boyewa, kuma muna so kowa ya san Yesu, wannan ba abin kunya bane. Amma ranar da kuka ce sai wanda ya zauna ya ji wa'azi zai karbi magani, ranar kun mayar da bishara kayan ciniki, kuma mai yunwa zai ce amin ga komai, sai ku koma gida kuna murnar tuban da ba a yi ba. A Luka 17 kutare goma Yesu ya warkar, daya ne kadai ya dawo ya yi godiya, kuma bai karbe warkarwar sauran taran ba. Don haka ku raba lokacin taimako da lokacin sujada, wanda ya so ya zo, wanda bai so ba babu abin da zai ragu daga rabonsa. In zaku yi wa mutum addu'a ku tambaye shi tukuna. Wanda ba addininku daya ba ku bi masa hakkinsa da karfi daya da na dan ikkilisiyarku, ayar da muka fara da ita ma ai dan'uwa da bako ta hada.

Ta biyu mutunci, kuma a kananan abubuwa ake ganinsa. Ku san sunan mutum ku kira shi da shi. Kada ku dauki hoton kowa ba da izininsa ba, balle na yara ko na wanda yake kwance ba lafiya, ku sa a Facebook don a tausaya a turo kudi. Matiyu 6 ta riga ta yi mana magana kan busa kaho. Tufafin da ku ba zaku iya sawa ba kada ku kai musu.

Ta uku kudi a fili. Manzo Bulus da kansa da ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima bai yarda ya dauka shi kadai ba, a 2 Korantiyawa 8:18-21 ya tafi da wanda ikkilisiyoyi suka zaba don kada wani ya samu abin zargi. In Bulus bai ga kansa ya fi karfin wannan ba toh babu faston da ya fi. Mutum biyu su kirga, mutum biyu su sa hannu, mai rike kudi daban mai rubutawa daban, kuma a karanta lissafin a gaban su leburorin ba masu bayarwa kadai ba, ai da sunansu aka tara.

Ta hudu, su ma su rike ragama. A Ayyukan Manzanni sura 6 da aka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci a rabon abinci, manzanni sun ce jama'a su zabi mutum bakwai, kuma duk bakwai din sunayen Helenanci gare su. Kwamitinku in babu dan kwadago ko daya a ciki, kuma babu mace, ku sake zama. Kuma ba kujerar ado ba, a sa taron a lokacin da zasu iya zuwa, in zuwan zai sa mutum ya rasa ladan yini a biya shi. Tarihi ma ya nuna daga cikinsu jagororin suke fitowa. A 1834 a kauyen Tolpuddle na Ingila an yanke wa leburorin gona shida hukuncin kora zuwa Ostireliya na shekara 7 bayan sun kafa kungiya saboda ana ta rage musu lada, jagoransu George Loveless mai wa'azi ne a cocin Methodist kuma shi ma leburan gona ne, sai da jama'a suka yi ta zanga-zanga aka yafe musu a 1836. Joseph Arch da ya jagoranci kafa kungiyar leburorin gona ta kasa a Ingila a 1872 shi ma haka, mai wa'azi ne da ya fara aikin gona tun yana yaro, daga baya har ya shiga majalisar dokoki a 1885. A coci suka koyi tsayawa gaban jama'a su yi magana. Ku duba cikin mutanen da kuke ziyarta, irinsu suna nan.

Inda abin yake da wuya: mai gona

Anan ne hidimomi da yawa suke yin shiru, domin sau da yawa mai gonar da yake rike lada ba wani bare bane, yana zaune a kujerar gaba ranar Lahadi, watakila dattijon ikkilisiya ne, watakila zakkarsa ce ta fi ta kowa. Ku yanke shawara tun kafin ranar ta zo, ku rubuta, cewa babu gudummawar da zata sayi shirunku. Yakubu 2:1-4 ya riga ya kwatanta yadda ake ba mai zoben zinariya wuri mai kyau a ce wa talaka ya tsaya can. Ni a ganina hidimar da take raba abinci ga leburori da kudin wanda ya danne musu lada, kuma ta san haka ta yi gum, taya shi rufa asiri take yi.

Amma kuma kada ku mayar da kowane mai gona azzalumi. Da yawa kananan manoma ne da su ma bashin taki da iri ya shake su, mai saye ya karya musu farashi, sai matsin ya gangaro kan na kasa. Irin wannan yana bukatar a zauna da shi a yi lissafi, wani lokaci a taimaka masa ya tsara yadda zai ware kudin lada kafin ya dauki mutane. Shi ma rai ne da kuke yi wa hidima. Kolosiyawa 4:1 tunatarwa ce gare shi cewa shi ma yana da Ubangiji a sama.

Ga yadda zaku bi in an kawo kara. Da farko ku tambayi mai hakkin me yake so a yi, domin shi zai kwana a wurin bayan kun tafi, in yace a dakata a dakata. Sai ku tabbatar da maganar, kwana nawa, aiki nawa, nawa aka yi alkawari, wa ya shaida. Sannan mutum daya ko biyu masu natsuwa su je wajen mai gonar a kebe, ba da fada ba, a bashi damar ya gyara ba tare da ya ji kunya ba, da yawa anan maganar take karewa. In ya ki a koma da shaidu kamar yadda Matiyu 18:15-17 ta tsara in dan'uwa ne, in har yanzu ya ki sai a tafi ofishin kwadago ko kungiyar ma'aikata ko lauya. Kai kara inda doka ta tanada ba rashin ruhaniya bane. Nehemiya a sura 5 da ya ji kukan wadanda suka jinginar da gonakinsu har 'ya'yansu suka shiga bauta, taro ya kira ya tsawata wa manya a fili har suka yi rantsuwa zasu mayar.

Abu mafi arha da zai fi komai amfani anan shine karamin littafi da biro ga kowane lebura. Kullum ya rubuta kwanan wata, gonar wa, awa nawa ko ma'auni nawa, abin da aka bashi da abin da aka cire. Wanda bai iya rubutu ba ya ja layi-layi ko abokinsa ya rubuta masa, mai waya ya dauki hoton shafin duk sati. Rigimar lada kusan kullum maganar wani ce a kan ta wani, kuma kun san maganar wa ake dauka. Littafin nan shi yake canza wannan. In kuna neman ajin yaki da jahilci da mutane zasu zo da kansu, ku fara da kirga lada da karanta ma'auni.

Wani zai ce ai shi ya yarda da ladan da bakinsa. Fafaroma Leo na 13 ya amsa wannan tun 1891 a wasikarsa Rerum Novarum, cewa in larura ko tsoro ne ya sa ma'aikaci ya karbi sharadi mai tsanani don babu wani, toh an tilasta masa ne kuma an zalunce shi. Kuma in sarkar ta fi mai gona tsawo ana iya bin ta har sama. Masu tsinkar tumatir a Immokalee ta jihar Florida a Amurka sun gane cewa manyan kamfanonin da suke saye su ke da iko da farashi, suka nemi karin senti daya a kan kowane fam na nauyi, coci-coci da dalibai suka mara musu baya, a 2005 kamfanin sayar da abinci na Taco Bell ya amince, a 2011 aka fara shirin Fair Food Program na kare hakkin leburorin gona. Leburorin ne a gaba, cocin yana gefensu. A Brazil kuma tun 1975 cocin Katolika ya kafa hukumar da ake kira CPT domin talakawan karkara, tana tattara bayanan rikicin filaye da aikin bauta a gonaki. Ku sani abin yana iya zama da hatsari, a 2005 aka harbe Sista Dorothy Stang a Anapu ta jihar Para saboda tsayawa da kananan manoma. Shi yasa kada mutum daya ya zama shi kadai ne fuskar hidimar, kuma kada ku sa wani lebura a gaba ba tare da ya san abin da zai iya biyo baya ba.

Jiki ma na Allah ne

Kungiyar Kwadago ta Duniya, wato ILO, tana lissafa noma cikin ayyuka uku mafi hatsari tare da gini da hakar ma'adinai, har ta yi yarjejeniya ta musamman mai lamba 184 a 2001 kan lafiya da tsaro a aikin gona. Ba sai kun zama likitoci ba, amma kowane mai aikin sa kai ya san abubuwan nan.

Zafi yana kisa, kuma mai jinga ba ya son tsayawa shan ruwa don kada ya rage samu. Ruwa, hutu, inuwa, kamar kofi daya duk minti 15 zuwa 20 tun kafin kishi ya zo. In kuka ga mutum ya rude, maganarsa ta harde ko ya fadi jikinsa zau, ku kai shi inuwa ku kwara masa ruwa ku yi masa fifita a nufi asibiti nan take, kada a dura wa wanda ya suma ruwa a baki. A Nicaragua da El Salvador ciwon koda ya kashe dimbin masu saran rake, maza masu karfi, kuma bincike ya danganta shi da aiki mai tsanani cikin zafi da karancin ruwa. Tankin ruwa mai tsabta da rumfa a bakin gona ba karamin aikin Allah bane.

Maganin feshi kuma, a daina zuba shi a kwalbar abin sha, a daina debo ruwan sha da jarkar da ya kare a ciki, a wanke kayan feshi daban da na iyali, kada a yi feshi ana fuskantar iska, mai ciki da yara kada su kusanta. In mutum ya fara zufa da dalalar miyau da amai, kwayar idonsa ta tsuke, numfashi yana masa wuya, a cire masa kayan a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, kada a sa shi amai kada a bashi madara, a tafi asibiti da robar maganin a hannu domin likita ya ga sunan. Saran maciji ma yawanci manoma yake samu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara. Ba a tsagawa ba a tsotsa ba a daure tamau, a cire zobe da duk abin da zai matse, a hana gabar motsi, a dauki mutum zuwa asibiti. Ku bincika tun yau wane asibiti ne yake da maganin dafi kuma motar wa za a kira da tsakar dare, ku yi addu'ar a hanya.

Maganar yara tana bukatar hikima. Kiyasin ILO da UNICEF na 2020 ya nuna yara miliyan 160 ne suke aikin da bai dace da su ba a duniya a wancan lokacin, kashi 70 cikin dari a noma. Amma uwar da ta taho da danta gona ba don bata son shi bane, jingar ce ba zata cika ba sai da karin hannu, kuma babu inda zata bar shi. Tsawa ba zata gyara wannan ba. Wurin renon yara a lokacin kaka wanda zumuntar mata zata rike, da taimakon sa yaro makaranta ko da a tsakiyar zango ya zo, sun fi wa'azi goma a kan iyaye. Kuma ku kafa doka mai tsauri a kanku, babba daya ba ya kebewa da yaro, duk wanda aka kawo kararsa a dakatar da shi a bincika ko waye shi. Matan da masu kula da aiki suke nema da lalata kafin su basu aiki suna bukatar mace amintacciya da zasu fada wa, wadda ba zata mayar da sirrinsu batun rokon addu'a a gaban taro ba.

Bashi shi yake daure mutum a gonar da ake cutarsa. Kyauta tana da wurinta, in wuta ta tashi ko ciwo ya kwantar da mai nema a bayar kawai ba dogon bincike. Amma ku tuna da Friedrich Raiffeisen na Jamus, Kirista ne da ya fara da kungiyoyin agaji da kudin masu hali tun shekarun 1840, ya ga abin ba ya dorewa, sai a 1864 a Heddesdorf ya koma ga asusun bashi wanda su masu bukatar ne mambobinsa. Ku taimaka su kafa karamin asusu nasu, su zuba kadan-kadan a lokacin da akwai aiki, su zabi masu rikewa, ku naku koyar da lissafi ne da zama shaida.

Sujada kuwa ku kai musu inda suke, a harshen da suke ji, a lokacin da jiki zai iya dauka, gajeriya, kuma su ma su yi karatu su jagoranci waka da addu'a. Kada ku dora wa wanda aka tilasta masa aikin Lahadi laifi, Fitowa 23:12 mai gida ta dora wa nauyin hutun bawa da bako, don haka da mai gona zaku yi maganar. In sun zo majami'arku su zauna ko'ina, a ci Jibin Ubangiji tare.

Da kaka ta kare ku zauna da su kafin su watse ku auna shekarar, kuma ba da yawan kayan da kuka raba ba. Mutum nawa ne suka karbi ladan da aka rike musu, an samu wanda zafi ko magani ya kwantar, akwai wanda ya rasa aiki saboda ya yi magana da ku, me kuka yi da ya bata musu rai. A bar su su amsa ba a gaban fasto ko mai bada kudi ba, wani daga cikinsu ya tattaro ya kawo. Wadanda zasu wuce wata gona ko su koma garinsu ku basu lambar da zasu kira, da takardar asibiti ga mai shan magani, da sunan wata ikkilisiya ko kungiya a inda zasu in kun san ta, kuma duk karar ladan da bata kare ba a rubuta sunan wanda zai ci gaba da binta da yadda za a aika wa mai shi kudinsa in sun fito.